Najeriya da Nijar bayan ECOWAS: haƙƙi ya koma alfarma

Ranar 29 ga Janairun 2025, wato ranar da ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ƙungiyar ECOWAS ta tabbata, direban da ya ɗauko albasa daga Galmi ya bi ta Birnin Ƙonni ya faɗa Illela bai ga wani sabon abu ba. Shingayen jiya ne, jami'an jiya ne, na goron da ake miƙawa ta taga ma na jiya ne. Shi ya sa da yawa suka ɗauka maganar ficewar nan hayaniya ce ta manya a Abuja da Yamai, wadda ba ta shafi mai buhu da mai garke ba. Amma a ranar hukumar ECOWAS ta fitar da sanarwa tana roƙon sauran ƙasashe 12 su ci gaba da karɓar fasfo da katin shaida masu tambarinta daga hannun 'yan ƙasashen uku, su bar su su shiga babu biza, su kuma bar kayansu su wuce bisa tsarin rangwamen da aka saba. Sai ta ɗaura wa duk wannan sharaɗi guda: zai ci gaba ne kafin a fitar da wata sanarwa. A wannan sharaɗin ne canjin yake. Abin da jiya yarjejeniya ta ba mutum, wanda zai iya tsayawa a kai ya yi gardama, yau aro ne aka ba shi, kuma mai abu yana iya karɓewa ranar da ya ga dama.

Hanyar fitar ba ta da sarƙaƙiya. Sashe na 91 na yarjejeniyar ECOWAS da aka sabunta a 1993 ya ce ƙasar da ke son fita ta ba da sanarwar shekara guda a rubuce, kuma a cikin shekarar duk wajibcin da ke kanta yana nan. Ƙasashen uku sun bayyana aniyarsu ranar 28 ga Janairun 2024, suka ce fitar ta nan take ce. ECOWAS ta ce sai shekara ta cika. A taron Abuja na 15 ga Disambar 2024 aka ƙara wata shida, zuwa 29 ga Yulin 2025, a matsayin ƙofa a buɗe ko za su sake shawara. Ba su sake ba. Muritaniya ta taɓa bin wannan hanya a shekarar 2000, sai dai ita ƙasa ɗaya ce a gefe, mai gabar teku. Waɗannan uku suna da mutane sama da miliyan 70 da fiye da rabin faɗin ƙasar ƙungiyar, ko da yake rabonsu a tattalin arzikinta bai kai kashi 10 cikin ɗari ba, kuma babu mai tashar jirgin ruwa a cikinsu.

To, me zama ɗan ƙungiya yake bai wa talaka? Takardu ne, amma takardu masu aiki. Yarjejeniyar zirga-zirga ta 1979 ta ba kowane ɗan ƙungiya damar shiga wata ƙasa ya zauna har kwana 90 babu biza. Tsarin sassauta ciniki ya cire harajin kwastan daga kayan da aka samar a cikin yankin. Amfanin gona da dabbobi da sana'ar hannu ba sa ma buƙatar takardar shaidar asali, takardar lafiyar kaya ta wadatar. Kayan masana'anta kuwa sai an yi musu rajista an nuna cewa, alal misali, kashi 60 na kayan haɗinsu na gida ne, ko kuma an ƙara musu daraja da kashi 30 a masana'antar. Kayan da suka fito daga wajen yankin suna biyan haraji na bai-ɗaya mai hawa biyar, daga sifili zuwa 5, 10, 20 da 35 cikin ɗari, tun 2015. Ga katin inshorar mota mai ruwan ƙasa, wanda ke sa motar Kano ta yi haɗari a Damagaram a san wanda zai biya. Ga takardar ƙaurar dabbobi ta 1998, wadda makiyayi ke riƙewa da yawan garkensa, allurar rigakafin da aka yi musu, da burtalin da zai bi. Ga kuma kotun ECOWAS da ke Abuja, inda mutum ɗaya zai iya ƙarar gwamnatinsa ba tare da ya gama zagaya kotunan gida ba. Ita ce a 2008 ta kama gwamnatin Nijar da laifin kasa kare wata mata daga bauta, ita ce kuma ranar 15 ga Disambar 2023 ta ce tsare hamɓararren shugaban Nijar Mohamed Bazoum haramun ne. Hukuncin na biyu bai buɗe masa ƙofa ba, amma yanzu ko wurin kai ƙarar babu.

Kada a zaƙe wajen yabon takardun. Najeriya da kanta ta rufe iyakokinta na tudu daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 a zamanin Buhari, da sunan yaƙi da fasa-ƙwaurin shinkafa, yarjejeniyar 1979 tana nan daram ba ta hana ba. 'Yan kasuwar Maraɗi ba su manta ba. Bambancin shi ne a lokacin kowa ya san wanda ya karya doka, ana kuma da teburin da za a zauna a faɗa masa.

Wanda ke son fahimtar yadda aka kai nan sai ya koma ranakun farko bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023. Bola Tinubu ya karɓi shugabancin ECOWAS a Bissau ranar 9 ga Yuli, bai cika mako uku ba Janar Abdourahamane Tchiani, shugaban dakarun fadar Bazoum, ya tsare maigidansa. Ranar 30 ga wata aka zauna a Abuja aka zuba wa Nijar takunkumi mafi tsanani da ƙungiyar ta taɓa sa wa ɗaya daga cikinta: rufe iyakokin tudu da sama, dakatar da ciniki da hada-hadar kuɗi, daskarar da kadarorin gwamnati a bankuna, da wa'adin mako guda a mayar da Bazoum ko a yi amfani da ƙarfi. Takunkumin da aka sa wa Mali a 2022 ya ware abinci da magani da mai da lantarki. Na Nijar bai fito da irin wannan rangwamen ba.

Barazanar ta karye ne daga cikin gida. Sashe na 5 na kundin tsarin mulkin Najeriya ya hana tura soja yaƙi a waje sai da amincewar majalisar dattawa, kuma ranar 5 ga Agusta majalisar ta ce a bi hanyar sulhu. Sanatocin Arewa sun riga sun fito fili sun ƙi. Jihohi bakwai ne ke manne da Nijar, Kebbi, Sakkwato, Zamfara, Katsina, Jigawa, Yobe da Borno, a kan iyaka mai tsawon kusan kilomita 1,500 wadda Ingila da Faransa suka shata tsakanin 1898 da 1906 ta tsakiyar Gobir da Katsina da Daura. Sarkin Maraɗi har gobe Sarkin Katsina ake ce masa. Duk wanda ya san wannan ya san ba za a samu goyon bayan harba bindiga daga Jibiya zuwa Ɗan Isa ba. Saboda haka manyan da suka yi ta zarya, Janar Abdulsalami Abubakar da Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar, Muhammadu Sanusi na biyu, da tawagar malamai ƙarƙashin Shaikh Bala Lau, sun je ne suna ɗauke da saƙon ƙungiyar da sojojin Yamai suka riga suka gane ba za ta iya cika barazanarta ba. Wa'adi ya wuce, an ba da umarnin shirya rundunar ko-ta-kwana ranar 10 ga Agusta, ba a kuma tura kowa ba. Wa'adin ya bai wa sojojin abin da ba su da shi a ranar farko, wato abokin gaba na waje da za a tara jama'a a kansa. Ranar 16 ga Satumba suka sa hannu da Mali da Burkina a kan yarjejeniyar tsaron juna ta Liptako-Gurma, aka haifi AES, wato ƙawancen ƙasashen Sahel ɗin uku.

A ganina yanke wutar lantarki ne kuskuren da ya fi kowane tsada, kuma shi ne wanda aka fi raina shi a Abuja. Kafin juyin mulkin, kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar da kamfanin lantarkin Nijar, NIGELEC, ke rabawa daga Najeriya take zuwa, ta layin Birnin Kebbi zuwa Yamai da na Katsina zuwa Gazawa wanda ke ciyar da Maraɗi da Damagaram. Wannan ciniki yana da asali. Kogin Kwara sai ya ratsa Nijar kafin ya iso madatsun Kainji da Jebba, don haka tun shekarun 1970 Najeriya ta ga gara ta sayar wa maƙwabciyarta wuta da rahusa a kan ta bar ta ta datse ruwan daga sama. An yi juyin mulki a Nijar a 1974, 1996, 1999 da 2010, ba a taɓa kashe layin don horo ba. Da aka kashe shi a farkon Agustan 2023, asibitoci da masu niƙa da masu ƙanƙara ne suka ji a jikinsu, fadar shugaban ƙasa tana da janareta. Darasin da kowane ɗan Nijar ya ɗauka, mai son soja da mai ƙin su, shi ne wutar maƙwabci ba abin dogaro ba ce. Daga nan aka ƙara matsa wa tashar Gorou Banda mai aiki da mai, aka kunna ta hasken rana mai megawat 30 da ke kusa da ita, kuma madatsar Kandaji mai megawat 130, wadda aka daɗe ana jan ƙafa a kanta a yankin Tillaberi, ta tashi daga aikin raya ƙasa ta zama maganar 'yanci. Duk ranar da aka kammala ta, yawan ruwan da zai iso Kainji da rani zai dogara ne da yadda aka buɗe ƙofofinta. Najeriya ta kashe makamin da amfaninsa yake cikin rashin amfani da shi.

Takunkumin ya yi ciwo, babu musu. A Oktoban 2023 gwamnatin Yamai ta zaftare kasafin kuɗinta da kashi 40 cikin ɗari. Amma ciwon bai tsaya a gefe ɗaya ba. Tireloli sun yi layi a Illela da Kwangwalam da Maigatari kaya suna ruɓewa, 'yan acaɓa masu bin ɓarauniyar hanya suka yi kasuwa. ECOWAS ta janye takunkumin ranar 24 ga Fabrairun 2024 ba tare da an saki Bazoum ba, Najeriya ta buɗe iyakarta a Maris, Nijar ta buɗe nata ɓangaren bayan 'yan kwanaki. Zuwa lokacin bakin alƙalami ya bushe.

Akwai abin da masu sharhi ke yawan tsallakewa, alhali shi ne ya fi shafar Bahaushe. Ƙasashen uku sun bar ECOWAS amma ba su bar UEMOA ba, ƙungiyar ƙasashe takwas masu kashe sefa, wadda babban bankinta ke Dakar, kuɗinta kuma ke ɗaure da yuro a kan sefa 655.957. UEMOA tana da nata dokokin zirga-zirga da na kwastan. Ma'ana ɗan kasuwar Tawa da ke hulɗa da Lome ko Abidjan ko Dakar har yanzu yana da yarjejeniya a bayansa. Wanda ya rasa rumfa shi ne mai hulɗa da ƙasashen da ba sa kashe sefa, kuma manyansu biyu su ne Najeriya da Gana. Wato dai tsohuwar hanyar fatauci: dabbobi da wake daga Nijar zuwa kasuwar Maigatari da Dawanau, kayan masana'anta da hatsi daga Kano zuwa arewa, albasar Galmi zuwa Kumasi da Akara inda 'yan zango ke sauke ta. Fushin ficewar an yi shi ne da Faransa da 'yan korenta, amma igiyar da ta tsinke ita ce wadda Faransa ba ta da hannu a ƙulla ta.

Su ma AES sun yi nasu karamcin. A Disambar 2024 suka ce 'yan ECOWAS za su ci gaba da shiga ƙasashensu babu biza, amma bisa dokokin kowace ƙasa, kuma kowace tana da ikon mayar da wanda ba ta so. An ga yadda alfarma ke aiki a aikace. A Oktoban 2024 Nijar ta hana fitar da hatsi, ta ware Mali da Burkina kawai. A Mayun 2025, ana shirin babbar salla, ta hana fitar da dabbobi don farashin rago ya sauka a gida. Ta fuskar mai mulkin da ke tsoron tsadar abinci matakin yana da hujja, amma dillalin da ya riga ya ba da kafin alƙalami a Maraɗi ba shi da inda zai kai kuka. A Maris 2025 kuma ƙasashen AES suka ƙirƙiro harajin kashi 0.5 cikin ɗari a kan kayan shigowa don ciyar da ƙungiyarsu, daidai adadin da ECOWAS ke karɓa don ciyar da tata. Adadin ƙarami ne. Abin lura shi ne yanzu akwai hukumomi biyu da kowace ke da ikon ƙara nata ba tare da tuntuɓar ɗayar ba.

Canjin kuɗi ya ƙara dagula lissafin. Cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 da sakin naira a watan da ya biyo baya sun juya cinikin iyaka. Shekara da shekaru 'yan bumburutun Ƙonni da Maraɗi da Damagaram da fetur ɗin Najeriya mai tallafi suke rayuwa, matatar SORAZ ta Nijar mai tace ganga 20,000 a rana kuma ba a taɓa tilasta mata ɗaukar nauyin ƙasar ita kaɗai ba. Da fetur ya yi tsada a Najeriya, jarkoki suka ragu, kowa ya koma gidan mai, sai ga dogayen layuka a Yamai a Maris 2025, har aka koma neman tankoki daga maƙwabciyar da ake zargi. A ɗaya hannun, jaka ɗaya ta sefa ta koma sayen naira fiye da ninkin abin da take saya a da, don haka hatsin Dawanau ya zama araha ga mai sefa, ragon Nijar kuma ya zama tsada ga mai naira.

Maganar tashar ruwa ta fi wannan zafi. Kafin takunkumi, mafi yawan kayan Nijar ta Kwatano suke shigowa, tafiyar kusan kilomita 1,000 zuwa Yamai ta gadar Malanville da Gaya. Benin ta buɗe nata ɓangaren bayan janye takunkumi, Nijar ta ƙi, tana zargin akwai sansanonin Faransa a arewacin Benin, zargin da Kwatano ta musanta. Mutane suka koma tsallaka kogi da kwalekwale, manyan motoci kuma suka koma Lome, su ratsa Burkina ta Kaya da Dori su shigo ta Tera, cikin ayari da rakiyar soja saboda hanyar ta bi ta tsakiyar yankin masu iƙirarin jihadi. Motar da ke jiran a tara ayari tana cin kuɗin kwana, kwantenar da ta makara tana cin tara a tashar ruwa, inshora ta hau, kuma duk wannan a kan farashin shinkafa da magani yake sauka. Abin mamaki, ta ƙarƙashin wannan iyaka da aka rufe bututun mai na kusan kilomita 2,000 ya bi, daga Agadem zuwa Seme, wanda kamfanin CNPC na Sin ya gina don ɗaukar ganga 90,000 a rana. A Afrilun 2024 Nijar ta karɓi dala miliyan 400 daga CNPC a kan man da ba a loda ba tukuna. A Mayu shugaban Benin na lokacin, Patrice Talon, ya hana loda jirgi sai an buɗe iyaka, Sin ta shiga tsakani, a Yuni aka kama 'yan Nijar biyar a tashar, aka rufe famfo, 'yan tawaye kuma suka fasa bututun a cikin Nijar. Sai a Agusta lodi ya dawo. Sin ce ta yi aikin sulhun da a da ECOWAS za ta yi, don ita ce mai kuɗi a ciki.

A fagen tsaro asarar ta kowa ce. Sojojin Faransa sun gama fita a Disambar 2023, na Amurka sun bar sansanin jirage marasa matuƙi na Agadas a Agustan 2024, masu horarwa na Rasha sun iso tun Afrilu. AES ta yi shelar rundunar haɗin gwiwa ta mutum 5,000, amma idonta yana kan yamma, inda iyakokin Nijar da Mali da Burkina suka haɗu. Gabas da kudu, inda Najeriya take, sai aka samu giɓi: Nijar ta sanar da ficewa daga rundunar haɗin gwiwa ta tafkin Cadi a Maris 2025, kuma 'yan bindigar Lakurawa, waɗanda hedkwatar tsaron Najeriya ta ambata a Nuwamban 2024, suna yawo tsakanin Tangaza da Gudu da arewacin Kebbi da tsallaken iyaka. Ɗan bindigar da aka koro daga gefe guda yana tsira ne idan babu wanda ya buga wa ɗaya gefen waya. A Disambar 2024 Tchiani ya yi hira da Hausa yana zargin Najeriya da haɗa baki da Faransa, mai ba shugaban Najeriya shawara kan tsaro, Nuhu Ribadu, ya mayar da martani shi ma da Hausa. Kowannensu ya san masu sauraron ɗaya ne.

Ko kokawa ba ta tsira ba. Gasar kokawar gargajiya ta ECOWAS, wadda Yamai ta sha karɓar baƙuncinta kuma 'yan Nijar da Senegal suka saba raba ta, an yi ta a Abuja a Maris 2025 babu 'yan Nijar. Ƙwallon ƙafa ya tsallake, don shiyyoyinsa na hukumar CAF ne.

ECOWAS tana da nata laifin da ya riga juyin mulki. Ta yi shiru da Alpha Condé na Gini da Alassane Ouattara na Côte d'Ivoire suka zarce wa'adi na uku a 2020, ta kuma naɗa Faure Gnassingbé, wanda gidansu ke mulkin Togo tun 1967, cikin masu lallashin sojoji su koma dimokuraɗiyya. Sojojin ma ba su da bakin magana: Tchiani ya yi alkawarin riƙon ƙwarya da ba zai wuce shekara uku ba, a Maris 2025 aka rantsar da shi na shekara biyar, aka rusa jam'iyyu.

Abin da ya rage a hannu shi ne wanda ya girmi ECOWAS. Hukumar haɗin gwiwar Najeriya da Nijar an kafa ta tun 1971, ofishinta yana Yamai, kuma ficewar ba ta taɓa ta ba. Ita ministan harkokin wajen Najeriya na lokacin, Yusuf Tuggar, ya je farfaɗowa da ya gana da takwaransa Bakary Yaou Sangaré a Afrilun 2025. Aikin da ke gabanta na rubutu ne, sashe bayan sashe: wace takarda matafiyi zai nuna a Kamba da Magama, kwana nawa zai zauna, wane kaya ne ba ya biyan haraji, sanarwar kwana nawa za a bayar kafin a hana fitar da hatsi ko dabba, wa zai amince da inshorar wa, da alkawari a rubuce cewa wuta da ruwa ba sa cikin abin da ake horo da su. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi mai tsawon kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a 2021 kamfanin Mota-Engil ke ginawa ta Kazaure da Daura da Katsina, an tsara shi ne a kan cewa kayan Nijar za su baro Kwatano su koma tasoshin Legas. Wannan lissafi yana buƙatar yarjejeniyar wucewar kaya, kwastan da duwan a ofishi guda, da hatimin da ɓangarorin biyu suka yarda da shi a kan tarago. Idan ba a rubuta waɗannan ba kafin a gama shimfiɗa ƙarfe, jirgin a Jibiya zai riƙa juyawa.